Kunnen Mishan: Daga Labarin Dorugu Zuwa Shirun Roni

A 1885 aka buga wani littafi a Landan mai suna Magana Hausa. Sunan da ke bangonsa na wani Bajamushe ne, limamin mishan, James Frederick Schön, wanda har ya bar duniya a 1889 bai taɓa taka Kano ko Katsina ba. Amma muryar da ta fi amo a cikin littafin ta wani yaro ce Bahaushe mai suna Dorugu, ɗan ƙauyen Dambanas kusa da Kance a ƙasar Damagaram. Yaron ya zauna yana ba da labarin rayuwarsa, dattijon yana rubutawa. Abin da ya fito daga wannan zama yana cikin tsofaffin labaran rayuwa da muke da su a rubutun boko na Hausa.

Mun ɗauko wannan tsohon littafi ne saboda wata tambaya da ta shafi gida. A Roni, cikin masarautar Kazaure, 'yan mishan sun zauna shekaru masu yawa. Sun ba da magani, sun koyar da karatu, sun yi wa'azi. Dubban mutane daga Roni da Gwiwa da Kazaure, har zuwa Babura a bakin iyaka, sun ratsa ta gabansu ko sun ji labarinsu. Kowane ɗaya daga cikin mutanen nan yana da labari. Wa ya saurara? Kuma in an saurara, wane irin sauraro aka yi?

Ra'ayinmu a taƙaice shi ne: ana gane mai sauraro na gaskiya ne da abin da ya bari a cikin labari alhali ba ya yi masa amfani. Da wannan ma'auni za mu auna Schön, mu auna waɗanda suka biyo bayansa, sannan mu auna kanmu.

Yaron da ya ga Timbuktu da Landan

An kama Dorugu bauta tun yana ƙarami, aka bi da shi ta Damagaram zuwa Kukawa, babban birnin Borno na wancan lokaci. A can wani Bature matafiyi, Adolf Overweg, ya fanshe shi tare da wani yaro ɗan Margi mai suna Abbega. Da Overweg ya mutu a 1852 kusa da tafkin Chadi, sai yaran biyu suka koma hannun abokin tafiyarsa, Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da Abdulkarim. Tare da shi suka je Sakkwato, suka kai Timbuktu, suka dawo ta Kano, suka ƙetare Sahara zuwa Tarabulus, har suka sauka Ingila a 1855. Dorugu bai kai shekara ashirin ba a lokacin.

Shi kuwa Schön ma'aikacin ƙungiyar mishan ta cocin Ingila ne, wato CMS. Ya shiga tafiyar kogin Kwara ta 1841 tare da Samuel Ajayi Crowther, ya kuma fara koyon Hausa daga bakin 'yantattun bayi. Burinsa a fili yake: ya san harshen sosai domin ya fassara Littafi Mai Tsarki. Da ya sami Dorugu a gidansa a Ingila, sai ya sami rijiya a bakin ƙofa. Daga wannan zama ya fitar da littafin nahawun Hausa a 1862, da ƙamus a 1876, da Magana Hausa a 1885.

Abin da ya sa labarin Dorugu ya rayu shi ne buƙatar Schön ta tilasta masa yin shiru. Mai neman harshe ba ya iya sa wa mai magana kalmomi a baki, domin in ya sa, abin da zai kwasa nasa ne. Dole ya bar yaron ya zuba Hausarsa yadda ta zo. Shi ya sa muke samun abubuwan da ba su da wata alaƙa da bishara: gonar gida, yunwa, tsoron mahara, cinikin mutane kamar awaki, ƙishirwar hamada, jirgin ruwa, sanyin Turai. Har da bayanin yadda Turawa ke shirya liyafar cin abinci, wanda yaron ya zayyana da idon baƙo mai lura, kamar yadda Barth ya zayyana kasuwar Kano. A nan kallo ya juya. Bature ya zama abin kallo, Bahaushe ya zama mai ba da rahoto.

Ta fuskar adabi, jimlolin Dorugu gajeru ne, suna bin juna kamar sawun raƙumi: muka tashi, muka sauka, muka kwana. Ba ya tsayawa ya yi wa kansa kuka, kuma wannan rashin kukan ne ke sa mai karatu jin nauyin abin. Mun saba ɗaukar gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 a matsayin mafarin ƙagaggen labari na boko, gasar da ta ba mu Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar. Daidai ne. Amma Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa labarin yaro ne da aka sace aka ƙetara Sahara da shi, ga shi kuwa kusan shekara 50 kafin fitowarsa an riga an buga labarin wani yaro da abin ya faru a kansa da gaske, da bakinsa. Ɗalibin adabin Hausa da ya karanta ɗaya bai karanta ɗayan ba, ya ga rabin hoto.

Schön ba shi kaɗai ba ne. A Firitawun ta Saliyo, wani ɗan CMS ɗin, Sigismund Koelle, ya zauna da 'yantattun bayi yana tattara kalmomi daga harsuna fiye da 100, ya buga Polyglotta Africana a 1854. Kafin ya karɓi kalma daga bakin mutum, sai ya tambaye shi garinsu, da yadda aka kama shi, da hanyar da aka bi da shi zuwa teku. Waɗannan 'yan bayanai, da shi ya ɗauka share fage ne kawai, su masana tarihi suka koma suna haƙa bayan shekara 100 domin gano inda cinikin bayi ya kwaso mutane. A wurin Koelle ɗin ne kuma Ali Eisami, ɗan malami daga Borno da aka sayar ta ƙasar Hausa har ya kai Saliyo a 1818, ya ba da labarinsa da Barbarci. Wa'azin da mutanen nan suka yi ya tafi da iska. Sauraron da suka yi shi ne ya rage.

Inda kunnen ya gaza

Kada mu yi wa Schön kirarin da ya fi ƙarfinsa. Kunnensa bai rarrabe ƙ da k ba, bai rarrabe ɗ da d ba, don haka rubutunsa yana haɗa kalmomin da kowane yaro a Kazaure zai raba. Wannan ƙaramin aibi ne. Babban shi ne rabon riba. Schön ya sami lambar yabo a Faransa, jami'ar Oxford ta ba shi digirin girmamawa. Dorugu, wanda aka yi wa baftisma da sunan James Henry, ya dawo Afirka a 1864, daga baya ya koyar a makarantar Ɗan Hausa da ke Nassarawa a Kano, ya rasu a 1912. Sai a 1971, da Anthony Kirk-Greene da Paul Newman suka fassara labarin zuwa Ingilishi, sunansa ya fara samun matsayin da ya cancanta. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Duk da haka, matsalar Schön ta mallaka ce. Akwai wata da ta fi ta illa ga labarin kansa, ita ce sauraron da ya riga ya san ƙarshen zance.

Mujallun mishan na ƙarni na 20, waɗanda ake aikawa Ingila da Kanada da Amurka domin masu ba da gudummawa, cike suke da labaran rayuwar 'yan Afirka. In ka karanta goma, za ka ga kusan dukkansu ɗaki uku gare su: duhun da mutum yake ciki da, haɗuwarsa da bishara, hasken da ya shiga. Wannan tsari yana da asali a cikin ibada, domin shi ne siffar abin da Kiristoci ke kira shaida, kuma ga mai bi da ya tsaya gaban ikilisiya yana faɗin abin da ya gaskata Allah ya yi masa, abu ne mai daraja. Damuwarmu tana farawa ne lokacin da wani ya ɗauki wannan siffa ya mai da ita awo, yana yanke rayuwar wasu domin ta shiga.

Mu da muke sana'ar rubuta manhajar kwamfuta mun san wannan cuta. In ka tsara fom mai gurbi uku, duk wanda ya zo da amsa ta huɗu, ko dai ka matsa ta cikin gurbin da ba nata ba, ko ka zubar. Bayan shekara goma wanda ya buɗe rumbun bayanan zai rantse cewa mutane iri uku ne kawai a duniya. Ba ƙarya aka rubuta ba, fom ɗin ne bai da wurin gaskiyar.

Labarin Isawa misali ne. A ƙarni na 19 wani malami a Kano, Malam Ibrahim, ya tara almajirai a kan girmama Annabi Isa (AS) ta hanyar da hukuma ta ɗauka ɓata ce. Aka kashe shi, mabiyansa suka watse, wasu suka nufi Ningi. Wajen 1913 wasu daga zuriyar wannan jama'a suka iske Dokta Walter Miller na CMS a Zariya, suka ba shi labarinsu, har aka kafa musu mazauni a Gimi, wanda ciwon barci ya tarwatsa bayan 'yan shekaru. Miller ya saurare su, kuma ba don shi ba da abubuwa da yawa sun ɓace. Amma ya ji labarin ne a matsayin na mutanen da suka daɗe suna jiran zuwansa. Masana da suka sake bin sawun daga baya sun nuna cewa Isawa sun tsiro ne daga muhawarar malaman Musulunci, da karatunsu na Alƙur'ani, da rikicinsu da sarauta. Wannan ɗaki na huɗu ne, kuma fom ɗin Miller bai da shi.

Shirun Roni

Yanzu mu dawo gida. Bayan cin Sakkwato a 1903, Turawan mulki sun yi wa sarakuna alkawarin ba za su taɓa addini ba, saboda haka aka daɗe ana taƙaita shigar mishan cikin masarautu. Sai a shekarun 1930 ƙofa ta ɗan buɗe, kuma magani ne ya buɗe ta. A 1937 ƙungiyar Sudan Interior Mission, wadda aka fi sani da SIM, ta karɓi kula da mazaunan masu cutar kuturta na Yadakunya a Kano, da Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a Sakkwato. Daga nan tashoshinta suka bazu cikin karkarar lardin Kano, wanda Kazaure ke cikinsa a lokacin. Roni ta zama ɗaya daga cikinsu, har aka yi makarantar kwana ta maza a can, wadda yara daga wurare dabam-dabam suka zauna a cikinta. Daga aikin SIM ne cocin ECWA ta fito a 1954.

Dokokin lokacin sun sa tashar mishan ta zauna a bayan gari, sun kuma hana wa'azi a kasuwa da kusa da masallaci. Ma'anar wannan ita ce yawancin haɗuwa ta faru ne a barandar ɗakin shan magani, da cikin aji, da ƙarƙashin inuwa. Mai cutar kuturta kuwa ba kwana biyu yake yi ba, shekaru yake yi. Da wuya a sami wurin da ya fi wannan dacewa da jin labarin mutum: wanda danginsa suka guje shi, Bamagujen da ke tsakanin dodon gidansu da harajin hakimi da kiran liman, maraya da aka kawo makaranta, matar da ta biyo miji zuwa addinin da ba ta zaɓa ba, saurayin da ya koyi boko a mishan ya koma garinsu ya ci gaba da sallarsa.

Mai neman waɗannan muryoyi a yau zai fi cin karo da rahoto: yawan waɗanda aka yi wa allura, yawan 'yan aji, yawan waɗanda suka tuba. Takardun ma akasarinsu da Ingilishi suke, suna ajiye a ma'ajiyar SIM a Amurka. Shi ya sa littafin Shobana Shankar, Who Shall Enter Paradise?, wanda ya fito a 2014, yake da muhimmanci a gare mu. Ta haɗa takardun mishan da hirar dattawa domin bin asalin Kiristanci a Arewacin Nijeriya daga wajen 1890 zuwa 1975, kuma hoton da ya fito ya fi ɗaki uku nesa ba kusa ba. Mutane sun shiga don magani, don karatu, don aiki, don bangaskiya, sau da yawa don dukkansu a haɗe. Wasu sun zauna, wasu sun fita, wasu sun rayu a tsakani. Kuma 'yan ƙasa, masu ba da magani da malaman aji da masu bishara, su ne suka ɗauki mafi yawan nauyin aikin. Barbara Cooper ta yi makamancin wannan a kan Maraɗi a littafinta na 2006. Abin lura shi ne su biyun masana tarihi ne daga waje, sun zo bayan shekaru da dama suna yin sauraron da ya kamata a ce an yi tun mutanen na da ƙuruciya. Abin takaici kuma, jikokin waɗanda aka yi hirar da su ba za su sami littattafan nan da Hausa ba.

Wani zai ce aikin ɗan mishan wa'azi ne, ba tara tarihi ba. To, ko da ma'aunin addininsa aka auna, sauraro ba ƙari ba ne. A Linjilar Luka, sura ta 24, an nuna Yesu ya tarar da mutum biyu a hanyar Imuwasu, ya tambaye su abin da ke damunsu, ya bar su suka gama zayyana baƙin cikinsu kafin ya ce komai, alhali bisa ga nassin ya fi su sanin labarin. A Yohanna sura ta 4, hirarsa da matar nan a bakin rijiya ta bi ta kan rayuwarta ne. Mai wa'azin da bai san abin da ya kashe wa mutum 'ya'ya uku ba, bai san dalilin da ya sa ya bar garinsu ba, yana amsa tambayar da ba a yi masa ba ne. Barbara Cooper ta nuna yadda Kiristocin Maraɗi suka yi ta jayayya da 'yan mishan a kan makaranta da ragamar coci, abubuwan da jama'a suka daɗe suna faɗa kafin a ji su.

Wannan darasi bai tsaya kan mishan ba. Lokacin rangadin musuluntarwa na Sardauna a 1963 zuwa 1965, jaridu adadi suka riƙa bugawa, dubu kaza a wuri kaza. Har gobe masu da'awa a ƙauyukan Maguzawa da ƙungiyoyin agaji masu rabon gidan sauro suna komawa ofis da lissafi. Duk wanda ya je wa mutane da saƙo yana cikin haɗarin ganinsu a matsayin gurbin da za a cike.

Sai dai akwai tarko a ɗaya gefen. Ana iya mai da sauraro dabara: ka bar mutum ya buɗe cikinsa domin ka gano inda ya fi rauni, ka sa ƙugiya a nan. Wannan cin amana ne, ko da sunan wane addini aka yi shi. Labarin mutum ajiya ce ya ba ka. Bambancin mai sauraro da maharbi shi ne, mai sauraro yana yarda abin da ya ji ya canza shi, kuma yana iya tashi daga zaman bai sami abin da ya zo nema ba, bai kuma ɗauka ya yi asara ba.

Abin da ya rage mana

Yaron da ya shiga makarantar Roni yana ɗan shekara goma a 1950, yau ya haura tamanin. Haka tsohuwar da ta yi jinya a Yadakunya, haka maƙwabcinsu Musulmi da ya ga zuwan Turawan ya ga tafiyarsu, wanda shi ma yana da nasa labarin, mai yiwuwa da ɗaci a ciki. Kowace damina ana rage su.

Abin da za a rasa ya wuce tarihin coci. A cikin bakinsu akwai Hausar arewacin Kano kafin rediyo ta goge ta, akwai sunayen bukukuwan Maguzawa, akwai yadda aka yi yunwa da yadda aka fita, akwai yadda gida ɗaya ya rabu biyu a addini amma ya ci gaba da haɗuwa a biki da makoki. Matasa da yawa a birane sun tashi suna ɗauka cewa Bahaushe Kirista baƙo ne ko ɗan jiya. Rashin sani ya fi dare duhu, kuma mun ga abin da irin wannan duhu ke haifarwa in rikici ya tashi. Wanda ya ji labarin kakan maƙwabcinsa daga farko har ƙarshe, da wuya ya yarda a ce masa mutumin nan ba ɗan ƙasa ba ne.

Kayan aikin suna aljihunmu. Wayar da kake karanta wannan da ita ta fi alƙalamin Schön kunne, domin ita tana jin ƙ da ɗ. Ɗaliban kwalejin fasaha ta Hussaini Adamu da na cibiyar koyon kwamfuta da ke Kazaure za su iya ɗaukar murya, su rubuta, su adana. Abin da waya ba za ta koya mana ba shi ne ladabin. A nemi izini, a faɗa wa dattijo inda maganarsa za ta je. A fara da gaisuwa da tambayar garinsu da sunan kakanni, kada a fara da ranar da ya tuba ko ranar da ya ƙi. In Baba ya kauce ya shiga labarin wata akuya da ta ɓata a shekarar fari, a bar shi, wataƙila nan ne zuciyar zancen take. A rubuta da karin harshensa, kada a gyara masa zuwa Hausar jarida. A mayar masa ya ji, ya cire abin da ba ya so. A ba iyalinsa kwafi. Sunansa kuma, in ya yarda, shi za a sa a sama.

Fasto ne zai yi wannan, ko malamin Islamiyya, ko marubuciyar da ke neman jigon littafinta na gaba, sharaɗin ɗaya ne. In an gama, a duba rubutun a tambayi kai: akwai abin da ke cikinsa wanda bai yi mini daɗi ba, bai taimaki hujjata ba, amma na bar shi domin haka mai shi ya faɗa? In babu, to ba a saurara ba tukuna, a koma a sake gaisawa.